Jar Tawada a Gidan Tian

"Kin sake rufe ƙofa!"

Kafin Shulan ta ɗago kai, Malam Tian ya fizge takardar daga ƙarƙashin hannunta, ya dunƙule ta, ya jefa a kwandon da ke gindin tebur.

"Malam, ai ya fito daidai..."

"Daidai? A idon wa? A idon mai tuyar awara?"

Alƙalamin gashin da ke hannunta na ta ɗigar da tawada a kan tebur, ita ba ta ma lura ba.

"Sau nawa zan faɗa miki? Sama kafin ƙasa. Hagu kafin dama. Kwance kafin tsaye. In harafi mai shinge ne, sai kin shigar da na ciki tukuna, sannan ki ja layin ƙasa ki rufe. Ɗan aji ɗaya ma ya san wannan!"

Abin haushin, harafin ba wani mai wuya ba ne. Sunan gidan ne, Tian, wato gona: shinge mai kusurwa huɗu, da layi biyu a ciki da suka raba shi gida huɗu. Zane biyar kacal. Amma duk sanda Shulan ta ɗora alƙalami, sai hannunta ya kewaye shingen ya rufe ruf, daga baya ya dawo ya tsaga cikin. Yau kwana hamsin ke nan ana abu ɗaya.

"Malam, a yi mata haƙuri mana," in ji wata siririyar murya daga kusurwar ɗakin. "Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, ita kuwa Ƙanwa Shulan ta riga ta bushe. Ba laifinta ba ne."

Dai Yuling ke nan, 'yar aminin Malam, ɗalibarsa tun tana shekara biyar. Tana zaune tana niƙa masa sandar busasshiyar tawada a kan dutse, fuskar nan fes da murmushi. Irin matan nan ce da in sun tausaya maka, gara a ce zaginka suka yi. Duk garin She an daɗe da yanke cewa ita ce matar Bowen, ɗan Malam tilo, har ita kanta ta yarda da hakan. Bowen ne kaɗai ba a tambaya ba.

Gidan Tian kuwa na da al'adar da ta girmi kowa a cikinsa. Ba a shigo da amarya sai ta rubuta sunan gidan da hannunta a kan jar takarda, maigida ya duba ya yarda, a manna a ƙofa ranar sabuwar shekara. Matan da aka auro a baya duk 'ya'yan masu alƙalami ne, abin bai taɓa zame wa kowa aiki ba. Sai da Bowen ya je gindin gada ya kwaso 'yar mai awara, wadda aji uku kawai ta yi ubanta ya rasu, aka cire ta ta koma niƙan waken suya. Malam bai ce a'a ba, ya fi ƙarfin wannan. Cewa ya yi ta zo ta koya, ya ba ta wata biyu.

"Malam," Shulan ta ce cikin fushi, "in rubutu ya bushe, wa zai san wanne aka fara ja?"

"Ni."

Ya sunkuyo har tana jin ƙamshin shayin da ya sha.

"Takarda ba ta mantuwa, yarinya. Ɗaga ta ga haske, za ta faɗa miki wane zane ya hau kan wane. Saura kwana goma. In kin kasa, ki koma ga kaskonki, ɗana kuma ya dawo cikin hankalinsa."

Da yamma Bowen ya same ta a gindin gadar dutse tana juya awara a kasko kamar da ita take faɗa. Ya zo da bokitin ruwa da ƙaton alƙalami mai doguwar sanda, irin wanda tsofaffi ke rubutu da shi a kan dandamali, ruwan ya bushe a sake wani. Kullum haka yake yi in ya taso daga shagon da yake sassaƙa duwatsun tawada.

"Lan-Lan..."

"Kar ka Lan-Lan ɗina!"

"Haba masoyiyata. Zo mu gwada ko sau goma ne, ruwa ne, ba mai dunƙule shi."

"Na gwada sau dubu, Yaya Bowen! Kaina ya sani, hannuna ya ƙi!"

"Zai yarda. Ki yi haƙuri da Baba, haka yake da kowa."

"Da kowa? Ka taɓa jin ya kira Yuling mai tuyar awara?"

"To ai ita ba ta tuya..."

Ai kuwa sai ya ga matsamin awara ya nufo hancinsa. Ya ja da baya yana dariya, ita kuwa idanunta sun ciko da ƙwalla. Tana son mutumin nan har cikin ƙashinta. Tana son hannuwansa masu kaushi, da yadda yake cin awararta da zafinta yana hura baki. Amma tana jin haushin yadda in an ambaci ubansa sai ya zama kamar kazar da ruwa ya doka.

"Kai ba ka taɓa tsaya min ba," ta ce. "Ko sau ɗaya. Kullum ki yi haƙuri, ki yi haƙuri. Tsohon nan ba koya min yake ba, jira yake in faɗi. Na rantse, wata rana ji nake kamar in samo jar tawada in rubuta sunansa in huta!"

Dariyar Bowen ta ɗauke.

"Shulan! Kin san abin da kika faɗa?"

Ta sani sarai. A ƙasarsu wa ke rubuta sunan mai rai da ja? Sai dai sunan wanda aka yanke wa hukuncin kisa, ko wanda ake fatan a wayi gari babu shi. Ta so ta janye maganar, girman kai ya riƙe mata harshe.

"A ba ni awara huɗu, Ƙanwa."

Suka juya tare. Yuling ce tsaye a bayansu, rungume da kwandon takardun Malam. A gidan masu alƙalami ba a zubar da takardar da aka yi rubutu a kai cikin shara, akan kai ta ɗan murhun dutse da ke bakin kogi a ƙone, kuma aikin Yuling ne. Duk ɓatattun takardun Shulan na kwana hamsin ta hannunta suka bi.

"A sa min yaji sosai," ta ƙara, tana murmushi. "Yau sanyi ya yi yawa."

Bayan kwana bakwai, da hantsi, Shulan ta shiga ɗakin karatu ta tarar ba a shimfiɗa mata takarda ba. Malam na zaune a kujerarsa. Bowen na tsaye jikin bango, fuskarsa fari fat. Yuling na gefe tana share hawaye da gefen hannun riga.

A kan tebur akwai takarda guda. Cikakken sunan Malam ne a kai, da jar tawada jawur, haruffan a karkace, ƙafafunsu a wawware, sak irin na Shulan. A gefen takardar ma har da tabon mai.

"A jikin ƙofa na tsince ta da safe," in ji Yuling cikin shessheƙa. "Na so in ɓoye, Malam, na rantse na so in ɓoye... amma raina ya kasa."

"Ba ni ba ce!"

Malam ya ɗauki takardar da yatsu biyu, ya miƙe, ya je bakin taga ya ɗaga ta. Ya daɗe yana kallo. Shulan ta ga ya ɗan waiwaya kusurwar da Yuling take, sau ɗaya, sannan ya dawo ya kife takardar a cikin aljihun tebur ya tura.

"Na ba ki alƙalamina," ya ce a hankali. "Na ba ki kwanakina. Ga tukuicina."

"Malam, ban rubuta ba! Ni ina na ga jar tawada?"

"Fita daga gidana."

Ta juya ga Bowen. A ranta ta ce yanzu ne, yanzu zai buɗe baki. Ya buɗe kuwa.

"Lan-Lan... ki ce min ba ke ba ce."

Sai ta ji kamar an watsa mata ruwan kogi a watan sanyi.

"Tambayata kake yi?"

"Da kunnena na ji kin faɗa, a gindin gada..."

"Ka ji na faɗa. Ka ga na yi?"

"Hannunki ne, Shulan! Ga mai a jiki!"

"To shi ke nan, tunda mai ya ba da shaida. Ashe shekara biyu da kake cin awarata, man kawai ka sani, ba ka san mai tuyar ba."

Ta fita ba ta waiwaya ba. Sai da ta sha kwanar lungu ta tabbata ba mai ganinta daga gidan, sannan ta durƙusa ta fashe da kuka.

Kwana biyu ba ta je gindin gada ba. Labari kuwa ya riga ya zaga gari, don a She ba a buƙatar mai shela. Masu sayen awararsu suka ragu, wata tsohuwa ma ta tofar da yawu a ƙofarsu. Uwarta ba ta rarrashe ta ba, ba halinta ba ne.

"Baki shi ke yanka wuya," ta ce. "Na yarda ba ki rubuta ba, amma ke kika ba su wuƙar. Tashi ki yanka min awara, gobe sabuwar shekara, kuka ba ya cika tukunya."

Shulan ta tashi. Ta ɗora katakon awonsu mai kusurwa huɗu a kan daskararriyar awara, ta bi gefensa da wuƙa ta kewaye, ta datse ƙasa, sannan ta tsaga ciki, kwance da tsaye. Ta ɗauki ta biyu ta yi haka. A ta uku wuƙar ta tsaya a hannunta.

"Mama, tun yaushe nake yanka awara haka?"

"Tun kina shekara tara. Me ya faru?"

"Kewaye tukuna, sannan ciki..."

"To da ta ina za ki fara? In ba ki datse gefe ba ai zubewa za ta yi. Hannu ba ya mance abin da ya saba, ko an yanke shi."

Shulan ta ajiye wuƙar. In nata hannun ya ƙi barin abin da ya koya tun tana shekara tara, ina ga hannun da ya fara riƙe alƙalami tun yana shekara biyar? Ana iya kwaikwayon karkatar harafi, ana iya ɗiga mai a takarda. Amma wane zane ya fara sauka, wannan hannu ne ke yanke shi, ba kai ba.

Sai kuma ta tuna taga. Ta tuna tsohon ya ɗaga takardar ga haske, ya waiwaya kusurwa, ya kife ta a aljihun tebur. Wani fushi ya taso mata wanda ya kori kukan gaba ɗaya.

"Ina za ki da rigar tuya a jikinki?" uwar ta ƙwala mata kira.

"Karatu!"

Ranar jajibirin sabuwar shekara tsakar gidan Tian cike yake. Rabin gari na zuwa karɓar rubutun ƙofa daga hannun Malam, jajayen takardu a shanye ko'ina, a kan igiya, a kan kujeru, har a kan tulun ruwa. Malam na tsaye gaban dogon tebur yana rubutu, Yuling na niƙa, Bowen na riƙe masa gefen takarda kamar wanda aka zare wa laka.

Da Shulan ta shigo, surutu ya mutu.

"Kai, ga mai jar tawada!" wani ya ce daga baya.

"Ba ta da kunya," in ji wata.

"Na ce kar ki sake taka gidana," Malam ya ce, bai ɗago ba.

"Ba wajen ɗanka na zo ba, Malam, kwantar da hankalinka. Na bar maka shi, ka jiƙa ka sha. Sunana na zo wankewa. A fito da takardar nan."

"An ƙone ta," Yuling ta yi caraf.

"Ke kika ƙone?"

Yuling ta dubi Malam. Malam bai dube ta ba.

"Tana aljihun tebur," in ji Bowen. "Na ga Baba ya buɗe yana kallonta jiya."

"Bowen, tsaya inda kake!"

A iya sanin mutanen garin, yaron nan bai taɓa tsallake maganar ubansa ba. Ya saki gefen takardar da yake riƙe, ya shiga ɗaki, aka ji ƙarar aljihun tebur, ya fito ya ajiye takardar gaban kowa. Mata suka kau da kai da ganin jan sunan.

Shulan ta zaro sabuwar jar takarda daga cikin tarin, ta ɗauki alƙalamin Malam ɗin kansa, wanda ko Yuling ba ta taɓa taɓawa ba. Ta tsoma a baƙar tawada.

"Ni ba na rubuta sunan mai rai da ja," ta ce. "Ko da na tsane shi."

Ta ja hagu, ta ja sama ta sauko dama, ta rufe ƙasa, sannan ta tsaga ciki. Harafin ya fito a karkace kamar kullum. Ta tura takardun biyu gaban tsohon.

"Ba wani zan ba ya duba ba. Kai ka ce min takarda ba ta mantuwa. Ɗaga su ga haske, ka faɗa wa mutanen nan abin da ka gani."

"Ba ki isa ki ba ni umarni a gidana ba."

"Ban isa ba. To ka ce musu hannu ɗaya ne ya rubuta su. Ka faɗa da bakinka, in juya in tafi, ba za ka ƙara ganina ba. Shekara arba'in garin nan na kawo maka rubutu kana faɗa musu na gaske da na jabu. Faɗi mana, Malam!"

Malam Tian mutum ne mai taurin kai, mai raina mutane, wanda zai iya kallon yarinya tana kuka bai ji komai ba. Amma akwai abu ɗaya da bai taɓa yi ba tun da ya fara riƙe alƙalami, bai taɓa ƙarya a kan zane ba. Yin shiru a ɗaki daban, faɗa da baki gaban jama'a daban. Ya ɗaga takardun ga rana.

"A ta jar tawada," ya ce da ƙyar, "layin ƙasa ne ya hau kan ƙafar na tsaye. An shiga kafin a rufe."

"A tawa fa?"

"Na tsaye ne ya hau kan na ƙasa. An rufe kafin a shiga."

"Kwana nawa na yi a gabanka?"

"Hamsin da bakwai."

"Sau nawa na yi daidai?"

"Ko sau ɗaya," ya ce da haushi. "Ban taɓa ganin ɗaliba mai taurin hannu irinki ba."

Wani ya tuntsire da dariya. Shulan kuwa tunda take ba ta taɓa jin zagi mai daɗin wannan ba.

"Ai tana iya yin daidai da gangan don ta ɓad da sawu!" Yuling ta ce da ƙarfi.

"Yaya Yuling, da na iya yin daidai, ai da tuni na yi na auri mijin da kike so."

"Ya isa," in ji Malam. Ya juya ga ɗalibarsa, ya nuna ƙarshen layin ƙasa da farce. "Wannan ɗan murɗin da ake yi kafin a ɗaga alƙalami, nawa ne. Mutum ɗaya na koya wa shi a duniya. Kin karkata harafin, kin ɗiga mai, amma kin kasa hana hannunki yin daidai."

Sandar tawada ta suɓuce daga hannun Yuling. Murmushin nan da aka san ta da shi ya tafi, aka ga fuskar da ke ƙarƙashi.

"Shekara goma sha takwas ina niƙa maka tawada!" ta ce, tana kuka na gaske wannan karon. "Goma sha takwas! Ban taɓa kuskuren zane ɗaya ba! Sai wata mai warin mai ta shigo ta ɗauke komai da hannun da bai iya zane biyar ba?"

Ta ture mutane ta fice. Ba wanda ya bi ta.

Bowen ya matso, idanunsa jajur.

"Lan-Lan, masoyiyata..."

Ta ɗaga masa hannu. Ba ta gama da uban ba.

"Ita kishi ne ya ja ta, na gane. Amma kai, Malam, tun ranar ka sani. Na ga ka ɗaga ta a taga. Ka san ba ni ba ce, ka kore ni, ka bar garin nan yana tofa wa uwata yawu a ƙofa, don kawai ka rabu da mai awara. Kana koya wa mutane wane zane ke gaba da wane, kai kuwa ka sa girman kanka gaba da gaskiya."

Tsohon ya sauke takardun ya ajiye a kan tebur.

"Kai kuma," ta dubi Bowen, "ka tambaye ni."

Ta ajiye alƙalamin a inda ta ɗauke shi, ta goge hannu a rigar tuya, ta fita.

Gari ya waye da ƙarar wasan wuta da hayaƙi a kowane lungu. Uwar Shulan ta leƙa waje ta dawo tana tsaki.

"Yana nan tun asuba, ya daskare kamar awarar jiya. Je ki kore shi ko ki shigo da shi, yana tare min ƙofa."

Shulan ta fita fuska a murtuke.

"Me kake nema?"

"Na yi laifi, Lan-Lan. Ba ni da abin cewa."

"To tafi mana, tunda ba ka da shi."

"Ki zo ki ga abu ɗaya. In kin gani kika ce in tafi, na rantse ba za ki ƙara ganin ƙafata a gindin gada ba."

"Da na huta."

"Don girman soyayyarmu..."

"Wace? Wadda tabon mai ya kayar?"

Ya sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a kan takalminsa. Ta so ta ji daɗin ganinsa haka, sai ta ji zuciyarta na ciwo. Ta ja mayafin wuyanta ta wuce gaba, ya biyo ta a baya.

Kowace shekara mutanen She na zuwa ƙofar gidan Tian ranar sabuwar shekara don kallon rubutun da Malam ya manna, har daga ƙauyuka ake zuwa. Bana ma sun taru, sai dai ba yabo ake ba, raɗe-raɗi ake. Da suka ga Shulan suka buɗe mata hanya.

A tsakiyar ƙofar, inda shekara arba'in ba a taɓa ganin hannun kowa ba sai na Malam, ga jar takardarta ta jiya. Harafin nan nata mai karkatacciyar kusurwa, wanda aka rufe kafin a shiga, an manna shi sumul, ba ko tattara.

Malam na tsaye gefe, hannuwa a baya, da ragowar ƙullin manni a yatsunsa.

"Kusurwar dama ta karkace," ya ce, yana kallon ƙofar, ba ita ba.

"Ka cire mana."

"Da hannuna na manna. Shekara zai yi a nan, duk wanda ya wuce ya gani."

"Mutane za su yi maka dariya, Malam."

"Sun fara. Ni na jawo wa kaina." Ya yi gyaran murya. "Anjima zan je in gaida mahaifiyarki. A ƙafa zan je, ta tsakiyar kasuwa."

Shulan ta cije leɓe don kada ta yi kuka gaban tsohon nan, amma idanunta suka ci amanarta. Ta ji yatsun Bowen masu kaushi sun taɓa nata a hankali, kamar mai tsoron ƙuna. Ba ta kama ba, ba ta kuma janye ba.

"Ban yafe maka ba tukuna," ta ce ƙasa-ƙasa.

"Na sani, masoyiyata."

"Wata guda za ka yi kana niƙa wa Mama waken suya. In ka yanka awara ba ka datse gefe ba, za ta dunƙule ta jefa maka a fuska."

"Na yarda. Ko shekara ce."

"Jibi da hantsi," Malam ya katse su, "ki zo karatu. Ba zan mutu in bar surukata ba ta iya sunan gidanta ba."

"In na zo, ka daina ce min mai tuyar awara."

"To me kike tuyawa?"

Bayan bikin fitilu da ke rufe shagalin sabuwar shekara aka ɗaura auren. Sai da ta shekara uku a gidan hannunta ya yarda ya bi tsarin zane, har ta fi mijinta iya alƙalami, abin da tsohon bai taɓa faɗa a gabanta ba. Amma duk jajibirin sabuwar shekara, in aka shimfiɗa mata jar takardar ƙofa, sai ta kalle shi ido cikin ido, ta kewaye shingen ta rufe ruf, sannan ta tsaga ciki. Shi kuma ya yi tsaki, ya ce ba a taɓa kawo masa annoba irinta ba, ya ɗauki ƙullin manni ya nufi ƙofa.